Ɗiya ba lafiya, amma ta tafi lakwal

Ranar Laraba ce da la'asar, cikin tsakiyar sanyi. Mun gama zubi, masu ƙidaya sun faɗi abin da ya shiga, masu makulli har sun miƙe za su rufe akwati, sai wata daga cikinmu ta ɗaga hannu ta ce tana son a ranta mata jika uku. Shugaba ta tambaye ta ko ƙarin jari ne. Ta ce a'a, takarda za ta nema.

Ɗiyarta da ke 3e, wadda za ta zauna birebe bana, ta kwanta kwana shida da ƙarambau. Ƙurajen sun bushe, ta koma kolej, sirbayan ya ce ba zai ba ta biye na shiga aji ba sai ta kawo takardar likita. A cikin kwana shidan nan kuwa an yi dabuwar na lissafi, kuma in ba takarda, sifili ne. Uwar ba ta kai yarinyar likita ba lokacin da take kwance. A gida ta yi jinya, kamar yadda yawancinmu ke yi da ƙarambau. Da ta je wurin majo bayan komai ya wuce, sai ya ce mata: “Hajiya, yaya zan rubuta takarda a kan ciwon da ban gani ba?” Gaskiyarsa. Daga nan wani ya raɗa mata cewa akwai inda ake rubutawa in an biya. Jika ukun ke nan.

Ba mu ranta mata ba. Kuɗin akwati ba na sayen takardar ƙarya ba ne, ko da ciwon na gaskiya ne. Abin da muka yi, washegari shugaba da wata ƴar ƙungiyarmu da ke cikin kwamitin uwayen yara na makarantar suka raka ta wurin dirakta. Tabon ƙarambau yana nan a goshin yarinyar, ba ya buƙatar hatimi. Dirakta ya duba, ya yi shiru, ya ce a ba ta biye, malamin lissafi kuma ya sake mata gwaji.

Da a nan maganar ta tsaya, ba za mu rubuto muku ba. Amma a zaman Larabar da ta biyo, da ake ba da labarin yadda aka ƙare, sai baki ya buɗe. Wata ta ce ita fa ta san inda ƙarambaun ya fito: daga gidanta. Tata ɗiyar ajinsu ɗaya, ta tashi da masassara da ƴan ƙuraje a wuya ranar da ake dabuwar na Faransanci, ta yi kuka ta ce in ba ta je ba sifili za a sa mata. Uwar ta ba ta parasetamol, ta ce ta ja hijabi ta rufe, in an gama ta dawo gida. Ta yi kwana uku tana zuwa haka. Cikin mako biyu zuwa uku, yara sun fi goma a ajin suna kwance. Tana faɗa tana sunkuyar da kai, amma ba wadda ta tsine mata, don da shugaba ta ce duk wadda ba ta taɓa tura yaro lakwal da zafin jiki ba ta ɗaga hannu, hannu biyu kawai muka gani, ɗaya kuma ba ta da yaro a lakwal.

Mun aika da tambayar ta WhatsApp ga ƙungiyoyin ƴan uwanmu na Damagaram, Tawa da Yamai. Amsoshin da suka dawo kamar a unguwarmu aka naɗe su.

Dokar da muke so

Bari mu fara da gaskiyar da ba ta yi mana daɗi: mu uwaye muna cikin waɗanda suka nemi a tsananta. Kowace makaranta tana da dokokinta na cikin gida, amma a kolej da lise da yawa tsarin kusan ɗaya ne. Ana kiran suna a kowace awa, wanda ba ya nan a rubuta shi a littafin aji. In ya dawo ba ya shiga sai da biye daga ofishin sirbayan, biyen kuma ba ya fitowa sai uba ko uwa ko mai riƙo ya zo da ƙafarsa, ko an kawo takardar likita. Awoyin fashin da ba su da hujja ana cire su daga makin ɗa'a. Wanda ya rasa dabuwar ko kwampozisiyo ba hujja ya sha sifili. Sifili ɗaya a darasi mai nauyi kamar lissafi ko Faransanci ya isa ya ja mwayen ƙasa da 10 bisa 20, sai maimaita aji, wanda ya riga ya maimaita kuma ƙofar kora na kusa da shi.

Ba banza aka kafa wannan ba. Mun san yaran da ke fita gida da jaka su ƙare a fada wurin shayi. Mun san ciwon cikin da ba ya tashi sai ranar kasuwa. Mun kuma san abin da ya fi wannan nauyi: ɗiya mace ba ta barin lakwal rana ɗaya. Da fashi take farawa. Yau ta tsaya riƙon ƙane, gobe talla, jibi biki a ƙauye, kafin a ankara ta yi wata guda a gida, sai wani kawu ya ce tunda dai ba ta zuwa, ga mai nema. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan kare ɗiya mace da tallafa mata a lokacin karatunta, kuma duk wadda ta yi faɗan riƙe ɗiyarta a aji ta san cewa littafin kiran sunan nan abokin faɗanta ne. Sirbayan da ke aiko wa uwa sammaci bayan fashin kwana biyu ya tsare auren wuri fiye da yadda shi kansa ya sani.

Don haka ba roƙon a sassauta kiran suna muke yi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne hujjar. An ɗaura ta a kan takarda, takardar kuma kuɗi ce. Tun 2006 ana duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocin gwamnati, amma ɗan kolej ya daɗe da wuce nan. A 2024 an rage kuɗin ganin likita, mun gode, sai dai har yanzu akwai tikiti, akwai kabu-kabu zuwa da dawowa, akwai ordonansi, akwai wunin sana'a da uwa za ta rasa a layi. Mai tuyar ƙosai da ribarta ta yini ba ta kai jika ɗaya da rabi ba, in ta yi wannan lissafin da asuba, amsar da ke fitowa ita ce ƙwaya biyu ta parasetamol da “daure ki tafi”. Ɗan mai hali ya kwanta a gida da takardarsa. Ɗan talaka ya ɗauki ciwonsa ya kai aji. Daga bisani ciwon ba ya tambayar ɗan wane ne a benci.

Yadda ciwo ke bin benci

Ku tuna yadda ajin yake. Uku ko huɗu a benci guda, kafaɗa na gogar kafaɗa. Wasu ƴan uwanmu sun ce ajin ɗiyansu ya haura 70. Lokacin buji ana rufe tagogi don ƙura, numfashin kowa ya dawo wa kowa. Moɗa ɗaya ce a bakin randa. Ledar ruwa guda sai ta bi baki uku.

Ƙyanda, wato baƙon dauro, ita ce sarauniyar yaɗuwa. Mai ita yana fara ba wasu kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, ya ci gaba har kwana huɗu bayan sun fito. Ƙwayar cutar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai tari ya fita. Cikin mutum goma da ba su taɓa yi ba kuma ba a yi musu rigakafi ba, kusan tara za su kamu in sun zauna da shi. Ma'ana, yaron da ke zaune a aji da masassara da jajayen idanu da majina da tari, wanda muke ce wa mura ce kawai, yana iya zama a ganiyar rabonta. Kada a ce ai ciwon jarirai ne. Babban yaron da bai samu allurarsa ba yana kamuwa, kuma shi zai kai ta gida wurin jaririn da bai isa rigakafi ba.

Ƙarambau yana yaɗuwa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje, har sai dukkansu sun bushe sun yi ɓawo. Muna raina shi don yawancin yara suna warkewa, amma ya fi tsanani ga babba, kuma haɗari ne ga mai ciki da abin da ke cikinta. A tuna akwai malamai mata masu juna biyu a gaban allon nan. Tunda mun zo nan, wata nas da ke cikin ƙungiyar Tawa ta ce mu jaddada: ba a ba yaro mai ƙarambau asfirin. Hangum, mai kumbura gefen kumatu, ana ware mai shi kwana biyar daga fara kumburin. Apolo kuwa kowa ya san aikinsa, daga hannu zuwa ido, daga gyale zuwa gyale, aji guda ya koma jajayen idanu cikin mako.

Akwai masu tafiya a hankali. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da zufar dare, a je a gwada majina, don yana iya zama tarin fuka. Maganinsa kyauta ne, ana sha wata shida, kuma in an fara sha yadda ya kamata, bayan ɗan lokaci likita kan ba yaro izinin komawa aji. Ɓoyewa ce ke sa ɗalibi ɗaya ya yi zango guda yana tari a kan abokan bencinsa. Sai mashaƙo, da ya ɓarke a Kano da kewaye ya kuma taɓa mu a 2023, musamman wajen Matamai a jihar Damagaram: ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, da wani farin abu mai toka-toka da ke rufe maƙoshi. Wannan ba na gasa wuya da tsumma ba ne, na gudu likita ne.

A gefe guda kuma kada mu zarce. Palu ba ya tashi daga yaro ya faɗa kan na kusa da shi, sauro ne ɗan aikensa. Yaro mai palu yana buƙatar gwaji da magani da hutu don kansa, in ya ji ƙarfi ya koma. Ƴar majina ba masassara ba ta isa hujjar fashi ba. In muka ce duk atishawa a kwanta, lokacin sanyi ba wanda zai yi karatu.

Sanƙarau

A nan za mu ɗan daɗe, don a nan ne dokar fashi ke iya cin rai.

Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke dawowa kowace shekara, daga shigowar sanyi da ƙura har zuwa faɗuwar damina. Wato fiye da rabin shekarar karatu. A ƙarshen 2010 aka fara babbar shaushawar da ta karya lagon nau'in da ake kira A, wanda shi ne ya daɗe yana yi mana ɓarna. Mutane da yawa suka ɗauka an gama. Sai ga 2015, wani nau'in, C, ya taso. Daga farkon shekarar zuwa ƙarshen Yuni an ƙidaya wajen mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, fiye da 500 suka rasu, kuma Yamai na cikin inda abin ya fi ƙamari. A watan Afrilu gwamnati ta rufe makarantun birnin na ƴan kwanaki. Ƴan uwanmu na can ba su manta da Lazare ba, inda aka kwantar da marasa lafiya, ba su manta da layin farmasi ana neman allura ba, har aka samu marasa tsoron Allah suka shigo da ta jabu. Bayan nan ma bai tafi ba. Tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023 jihar Damagaram kaɗai ta ba da rahoton mutum 559, 18 suka rasu.

Abin da ya kamata mu fahimta, sanƙarau ba kamar ƙyanda yake tafiya ba. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsu lafiyarsu lau, su ne ma suka fi yaɗa ta, ta tari da atishawa da zaman kusa na tsawon lokaci, musamman inda ake kwana a cunkushe. Saboda haka tsare yaro a gida kaɗai ba ya katange aji daga sanƙarau, rigakafi ne katangar. Laifin “daure ki tafi” a nan shi ne ɓata lokaci. Ciwon yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Yaron da ya tashi da zafin jiki mai tsanani da ciwon kai da amai, aka ba shi ƙwaya ta danne zafin, ya tafi ya zauna kwampozisiyo daga takwas zuwa sha biyu, ya dawo ya kwanta, aka ce a bari zuwa gobe a gani, ya ɓatar da awoyin da allura za ta yi masa aiki. Cikin waɗanda suka tsira ma, kusan ɗaya cikin biyar yana fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya kurumce a 4e, wace makaranta ce kusa da mu za ta karɓe shi?

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Masassara mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare yaro ya kasa kai haɓarsa ƙirji, amai, ƙin haske, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa, wani lokaci da jijjiga. Ba sai duka sun haɗu ba. In kin ga biyu ko uku a wannan lokaci na shekara, ko da ranar birebe ce, hanyar likita za ki kama. Ana maimaita aji.

Yaran da uwayensu ke nesa

Duk abin da muka faɗa ya ninka ga yaran ƙauye. Kolej ba a kowane gari yake ba. Yaro ya gama firamare a ƙauyensu, a kawo shi birni ko babban gari a damƙa wa mai riƙo, wani dangi ne, wani sanin kasuwa ne kawai. Wasu samarin su biyar su shida suke haɗa kuɗi su kama ɗaki guda. In irin wannan yaro ya kwanta, wa zai je wurin sirbayan? Uwa tana tafiyar rabin yini, kuɗin mota sai an sayar da tiya biyu ta hatsi. Mai riƙo yana da nasa yaran da nasa kasuwar, yarinyar kuma tana jin nauyin ta ce masa: “Baba, ba ni da lafiya, a kai ni likita,” alhali abincin da take ci ma alfarma ce. Sai ta yi shiru ta tafi aji. Wata ƴar uwarmu a Damagaram da ke riƙon ɗiyan ƙanenta biyu ta ce ba ta san ƙaramar tana fama da hangum ba sai da maƙwabciya ta tambaye ta me ya kumbura wa yarinya fuska, don kullum da sassafe take fita, hijabi har gira.

Ga kuma abin da ba a faɗa wa sirbayan namiji. Ɗiya mace da ke wahala da ciwon mara kowane wata, a makarantar da ba ta da makewayi mai ƙofa da ruwa, tana fashin kwana ɗaya ko biyu ba hujjar da za ta iya furtawa. Makin ɗa'arta ya riga ya zaizaye. Ranar da ciwon gaske mai yaɗuwa ya zo, ba ta da sauran fashin da za ta iya ɗauka.

Manyan ma ba su tsira ba. Waɗanda ɗiyansu ke jami'a ko makarantun koyon aikin likita da na malanta sun ce a can akwai darussan gwaji da zaman horo a wurin aiki da ba a yafe fashinsu. Wanda ya rasa adadin da aka yanka ba ya zama jarrabawa, a makarantar kuɗi kuma wannan na nufin shekara guda ta biya ta tafi. Ɗakunan kwanansu a cike suke, ɗakin mutum biyu ya ɗauki ninkin haka da ƴan raɓe. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ɗalibar aikin jinya da za ta tafi horo ɗakin masu haihuwa tana tari da masassara don kada a rubuta ta fashi. Ita da aka koya wa yadda ciwo ke yaɗuwa.

Mu ma muna da tara

Wata tsohuwa a cikinmu, wadda ta shiga asusu tun zamanin da Mata Masu Dubara suka fara a jihar Maradi a 1991, ita ce ta juya mana maganar. Ta ce mu dubi kanmu. Akwai dokar da ta fi tamu tsanani a kan fashi? Wadda ta makara ta biya tara, wadda ba ta zo ba ta biya ninki, wadda ta yi fashi uku a jere a aika mata. Amma tun da muke, an taɓa ce wa mara lafiya ta kawo takarda mai hatimi? Maƙwabciyarta ce ke zuwa da zubinta a ƙullin zane ta ce wance na kwance. A yafe tara, a tashi mutum biyu su je gaishe ta bayan zama. Su biyun nan su ne takardar. Mai ƙarya ba ta daɗewa, don masu gaisuwa za su tarar da ita tana daka. Mai ciwon gaske kuma masu gaisuwa ne ke cewa: “Wannan fa ya wuce na gida, tashi mu tafi likita,” a ciro kuɗin daga kes ɗin taimako.

Dokarmu ba ta yi sako-sako don haka ba. Ta tsaya ne a kan shaidar mutanen da aka sani. Makaranta ta jingina da takarda don ba ta san gidajen yara ɗari takwas ba. Mu mun san su.

A kan wannan muka gina abin da muka kai wa dirakta da kwamitin kula da makaranta, ta hannun ƙungiyar uwayen yara mata da ake kira AME. Mun ce a kowace unguwa mu ba da sunayen mata biyu da lambar wayarsu, a ajiye a ofishin sirbayan. Yaro in ya tashi da masassara, ko ƙuraje, ko kumburin wuya, ko jan ido, ko amai da gudawa, uwa ko mai riƙo ta sanar da ɗaya daga cikinsu da safen nan. Ita za ta je ta gani da idonta, ta kira sirbayan kafin azahar. Wannan kiran ya zama hujjar kwana biyu. In ciwo ya wuce kwana biyu, ko an ga alamar haɗari tun farko, dole likita, daga nan takarda ta karɓi aikinta. Mun kuma roƙa a daina sa sifili nan take ga wanda aka shaida ciwonsa, a ware rana a sake masa gwajin.

Ba a rungume mu da murna ba, kada mu yi muku ƙarya. Sirbayan ya ce in aka buɗe wannan ƙofa kowace uwa za ta sa ƙawarta ta yi mata shaida. Mun ce shi ya sa ba ƙawa za ta zaɓa ba, sunayen a rubuce suke, kuma matar da aka kama da shaidar zur ƙungiya ce za ta ci ta tara ta kuma cire ta. Wani malami ya ce sake gwaji na nufin ya sake tsara tambayoyi ya sake gyara, shi da ke da aji biyar kuma ɗan kwantaragi ne. Wannan ƙorafin gaskiya ne, ba mu da amsar da ta wuce a haɗa duk waɗanda suka rasa a yi musu rana guda a wata. Shi kansa malamin yana magana yana tari, da muka ce Malam ai kai ma hutun kake buƙata, sai ya yi dariya ya ce wa zai riƙe masa ajin. Dirakta ya ce kwampozisiyon ƙarshen zango ba ya cikin abin da zai iya taɓawa shi kaɗai, amma biye da dabuwar suna hannunsa, ya yarda a gwada zango ɗaya a azuzuwan 6e da 3e.

A namu ɓangaren, mun ƙara dala biyar a kan zubin taimako na kowane mako, muka ware shi da sunan lafiyar ƴan lakwal. Ba bashi mai ruwa ba ne. Wadda ɗanta ya kwanta ta karɓi kuɗin tikiti da kabu-kabu a ranar, ba sai an jira Laraba ba, ma'ajiya da mai makulli ɗaya sun isa su fitar daga ƙaramar jakar da muka ajiye a waje da akwati. Ta mayar cikin wata guda yadda ta karɓa. Mun sa yaran riƙo a ciki, ko da uwayensu ba ƴan ƙungiya ba ne, muddin mai riƙon tamu ce. An yi gardama a kan wannan sosai, wasu suka ce kuɗinmu zai tafi ga ɗiyan waɗanda ba su zuba ko dala ba. Aka ce musu benci ɗaya suke zaune da naku. Aka kaɗa ƙuri'a, goma sha tara suka yarda, takwas suka ƙi.

Mun kuma ce kowace ta binciko katin rigakafin yaranta ta zo da shi. Rabinmu ba mu same shi ba, wasu gara ta ci, wasu ya ɓace a ƙaura. Majo ya ce a kawo masa waɗanda aka samu ya duba, sauran kuma in an yi shelar shaushawa ta sanƙarau ko ƙyanda ko mashaƙo kada a ce yaro ya girma, a tambayi shekarun da aka yanka a kai shi.

Mako bakwai ke nan da farawa. Matan shaida sun yi kira sau goma sha ɗaya. Tara ciwon gaske ne, biyu daga ciki sai da aka wuce da su likita a ranar. Ɗaya yaro ne da aka tarar yana kallon ƙwallo a gidan maƙwabta, matar shaida ta kamo hannunsa ta kai shi har ƙofar sirbayan. Na ƙarshen yarinya ce ƴar riƙo da ba masassara take ba, takalminta ne ya tsinke ta ji kunyar faɗa. An saya mata daga aljihun shugaba.

Jakar lafiya ta fitar da jika goma sha huɗu, jika tara sun dawo. Za mu sake zama da dirakta bayan hutun zango don a ga ko za a ƙara da 5e da 4e. Ƙungiyar da ke son ganin takardar yarjejeniyar da muka rubuta, shafi ɗaya ce, da Hausa da Faransanci, ta faɗa wa mai kawo mata wannan jarida, za mu aiko.